Daga Kwalbar Gilashi Zuwa Gwajin Awa Shida: Tarihin Auna Heparin

Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa da aka ɗaura wa ƙarin ruwa mai ɗauke da heparin ya san tambayar da ke yawo a bakin masu jinya, daga Kakuri har Barnawa da Sabon Tasha: me ya sa ake ɗibar jininsa kowace awa shida, alhali an ɗiba da safe? Amsar tana cikin tarihin maganin.

A shekarar 1916 wani ɗalibin likitanci mai suna Jay McLean, yana aiki ƙarƙashin William Howell a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya ci karo da wani sinadari daga hanta mai hana jini daskarewa. Daga sunan hanta a harshen Girka aka samo kalmar heparin. Sai a shekarun 1930 aka tace shi sosai a Toronto ta Kanada da kuma Suwidin, har aka fara yi wa mutane allurarsa. Nan take likitoci suka gane wuyar lamarin: idan maganin ya yi kaɗan, gudan jinin da ke ƙafa ko huhu zai ci gaba da girma; idan ya yi yawa, majinyaci zai yi ta zubar da jini. Kuma adadin da ya ishi wani kan yi wa wani yawa.

Ma'aunin farko shi ne na Lee da White, na 1913. A zuba jini a kwalbar gilashi, a riƙa karkata ta ana duban agogo har ya daskare. Aiki ne na mintuna da yawa, sakamakonsa kuma ya dogara da hannun mai gwajin. A 1953 Langdell da Wagner da Brinkhous suka fito da gwajin PTT domin gano ciwon rashin daskarewar jini. A 1961 Proctor da Rapaport suka ƙara masa farar ƙasa don ta zaburar da daskarewar, aka sami aPTT, wanda ke ba da amsa cikin sakanni.

A 1972 wani bincike a Hamilton ta Kanada ya nuna cewa waɗanda lokacin daskarewar jininsu bai kai ninki ɗaya da rabi na lafiyayye ba sun fi samun dawowar gudan jini. Daga nan ƙa'idar ninki 1.5 zuwa 2.5 ta kafu. Amma sinadaran gwajin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka aka koma ga wani gwaji, anti-Xa, wanda ke auna ƙarfin heparin ɗin kai tsaye, ana neman 0.3 zuwa 0.7. Shi ya fi tsada, shi ya sa aPTT ya fi samuwa.

Darasin wannan tarihi ga iyali shi ne, gwajin ba ya rabuwa da maganin. Ana jiran awa shida ne bayan an fara ko an sauya adadi domin maganin ya daidaita a jiki kafin a auna. Ana ɗibar jinin daga hannun da ba a ɗaura ruwan ba, a cika kwalba mai shuɗin murfi har zuwa layinta. Idan aka ba ku ita ku kai wani ɗakin gwaji, ko da a tsallaken kogi ne, kada ku tsaya a hanya, domin jinkiri na iya nuna kamar maganin ya yi kaɗan, a ƙara shi ba gaira ba dalili.

Ku sanar da ma'aikatan jinya da zarar kun ga haɓo, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko matsanancin ciwon kai. Kada a ba majinyaci asfirin ko ibuprofen ko jiƙon gargajiya ba da sanin likita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.