DAGA KALANGU ZUWA KIƊAN HAYA: TARIHIN KIƊAN RAWA A ƘASAR GAYA DA AJINGI

Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 'yan shekarun nan muna yawan jin mutanen da suka tasa a ƙarshen ƙarnin da ya wuce suna kukan cewa kiɗan rawa na yanzu ba shi da armashi, su dai a ba su kiɗan fiyano irin na zamanin kaset. Abin mamaki, wannan kiɗan da ake bege yau shi ne iyayenmu suka yi wa tofin Allah tsine jiya, suna cewa ya kashe kalangu. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun hanyoyin da kiɗan rawa ya riƙa bi yana isa ga jama'ar gabashin Kano, musamman Gaya da Ajingi, domin mu ga abin da aka samu da abin da aka rasa a kowane zango.

Zamanin makaɗi da bakinsa

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya nuna daga nan Abagayawa maƙera suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama, kuma sunan shugabansu, watau Kano, shi ne ya bi birnin. Inda duk aka sami tsohuwar sana'a a ƙasar Hausa, to akwai kiɗanta: dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma a wajen gayya. Kiɗan rawar samari da 'yan mata kuwa, kalangu ne sarkinsa. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai bukukuwa su kankama a garuruwa irin su Kademi da Shagogo da Toranke da Balare, a cika dandali da dare, 'yan mata na gaɗa, makaɗi na bin sawunsu.

Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani kiɗa ba kayan ajiya ba ne. Yana cikin hannun makaɗi da kan masu rawa. Makaɗin kalangu yakan matse tsarkiyar a hammatarsa ya sassauta, ya kira sunan yarinya da na saurayinta da bakin ganga, ya ƙara wuta idan ya ga rawa ta yi zafi. Waƙa guda ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Ashe ke nan sake wa waƙa riga, abin da 'yan zamani ke kira rimis, ba baƙonmu ba ne. Bambancin kawai, namu a take ake yin sa, a gaban jama'a, kuma ladansa liƙi ne.

Garmaho da rediyo

Na'urar farko da ta raba kiɗa da makaɗinsa ita ce garmaho. Kamfanoni irin su EMI sun ɗauki muryoyin manyan mawaƙan Hausa a faifai, amma garmaho kayan masu hali ne, faifansa kuma ba ya son rana, ba ya son ƙura. Rediyo ce ta fi shiga karkara. Bayan kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe suka sa manomin Ajingi ya san muryar Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji na Haɗeja ba tare da ya taɓa ganinsu ba. Sai dai rediyo ba ta hana makaɗin gari cin abinci ba, domin ba a gayyatar akwatin rediyo biki, kuma ba ka da ikon ce mata ta maimaita.

Mulkin kaset

Kamfanin Philips ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963, amma sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur da na Udoji, rikoda ta bazu a ƙasar nan. Alhazai suka riƙa dawowa da ita tsaraba, 'yan ci-rani suka riƙa sayo ta da kuɗin aikinsu. Kasuwar Ƙofar Wambai a birnin Kano ta zama cibiyar kwafe kaset da rarraba shi. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa ke saro shi, su tsallaka gadar Wudil, su baje shi a kasuwannin ƙauye, suna sa wa mai saye ya ji kafin ya biya.

Kaset ya yi abubuwa biyu da garmaho bai yi ba. Na farko, yana da arha, kuma rikoda na aiki da batir, ba ta jiran wutar lantarki. Na biyu, kowa na iya ɗauka a kansa. Saboda haka mai rikoda yakan kai ta wajen wasa ya ɗauki makaɗin garinsu, mata kuma su ɗauki kiɗan ƙwarya a cikin gida. Ta wannan hanya amadar Barmani Coge da kukumar Garba Supa suka shiga ɗakunan amare. Mai haɗa kaset a kasuwa, wanda zai jera maka waƙoƙin da ka zaɓa a kaset mai minti 60 ko 90, shi ne kakan dijen yau.

A daidai wannan lokaci, a wata duniyar, ana irin wannan sana'a da wata fuska. A birnin New York na Amurka, a 1975, masu sa kiɗa a gidajen rawa suka kafa ƙungiyar karɓar sababbin fayafayai daga kamfanoni suna rabawa a tsakaninsu. Daga baya kamfanoni irin su Disconet a Amurka da DMC a Ingila, wanda aka kafa a 1983, suka riƙa aika wa dije waƙoƙin da aka tsawaita aka sake wa kiɗa, shi kuma yana biyan kuɗin wata. Abin da ya shigo hannunsa ya zama nasa har abada. Mu riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Fiyano da nanaye

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano. Kafin ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyoyin birni. Wannan na'ura na iya kwaikwayon sarewa da ganga da kalangu, mutum guda ya yi aikin ƙungiya sukutum. Fim ɗin Sangaya na 1999 shi ne ya nuna ƙarfinta, domin waƙarsa ta game gari da ƙauye, ta kuma zama ma'aunin da aka riƙa bi. A cikin wannan shekarar ce, a watan Yuni, Allah ya yi wa Shata rasuwa. Masu lura sun ga kamar zamani ne ya miƙa wa zamani sanda.

Irin waɗannan waƙoƙi, da aka laƙaba wa suna nanaye, cike suke da aro. An ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya an sa musu kalmomin Hausa, an ɗauki waƙoƙin gaɗa na dandali an ɗora su a kan fiyano. Malamai da dattawa suka yi ca, har gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Amma a wajen biki an riga an gama magana. Ɗaukar yaro guda da lasifika da janareto ya fi ɗaukar makaɗa biyar sauƙi, ga shi kuma zai kawo waƙar da amarya ta gani a fim. Daga nan kasuwar makaɗin kalangu na ƙauye ta fara ja da baya.

Daga memori zuwa haya

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001. Cikin 'yan shekaru faifan sidi ya ture kaset, sa'an nan memori ya ture sidi. Sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu tura waƙa: saurayi da kwamfutarsa a rumfar cajin waya, ka ba shi 'yan kuɗi ya cika maka memori. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta karɓi matsayin da Ƙofar Wambai ta riƙe a da. Dijen Gaya ko na Ajingi ya koma dogaro da abin da aka turo masa daga birni, mawaƙi kuwa ya daina samun komai daga sayar da waƙa, sai ya koma yi wa amare da 'yan siyasa waƙa a biya shi kai tsaye.

Zango na baya-bayan nan shi ne na intanet. Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a 2015, Spotify ya iso a 2021, ga kuma YouTube da Audiomack. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna sabon yayi a 2020, lokacin kullen annobar korona, inda ta bazu ta wayoyi kafin a koma taron biki. A nan ne batun da muka ce mu riƙe ya dawo. Dijen da ya biya kuɗin wata a zamanin faifai ya mallaki faifan. Wanda ya biya kuɗin wata a manhajar sauraro haya ya yi: ranar da ya daina biya, ko kamfani ya cire waƙar, shi ke nan. Ga mutumin karkara kuma akwai kuɗin data da matsalar sabis, shi ya sa memori bai mutu ba har yanzu.

Kammalawa

Idan muka duba wannan tafiya, za mu ga kowane zango ya ƙara yawan waƙoƙin da ke isa kunnen mutum, amma ya ƙara nisanta shi da mai kiɗan. Da makaɗi maƙwabci ne da ya san sunan kakarka. Daga baya ya zama murya a kaset daga Kano, yau kuma ya zama suna a cikin na'urar wani kamfani a ƙasar waje. Begen da ake yi wa kiɗan da, a ganinmu, rabinsa begen ƙuruciya ne, rabinsa kuwa begen lokacin da kiɗa yake da mai shi a cikin gari.

Haɗarin da ke gabanmu shi ne ɓacewa. Shata ya yi sa'a, an rubuta tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah na 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. To makaɗin dandalin Gafasa ko na Gamarya fa? Muryarsa, in ma an ɗauka, tana cikin wani kaset a ƙasan adakar wata tsohuwa, zafi da raɓa na cin zarensa. Kamfanonin intanet ba za su zo nemansa ba, domin babu riba a ciki.

Wannan aiki namu ne, mu marubuta. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Mu je wurin tsofaffin makaɗa da zabiyoyi da masu haɗa kaset tun suna raye, mu tambaye su sunayen kiɗa da na rawa, da wanda ya koya musu. Mu nemi tsofaffin kasusuwa a juye su, a kai kwafe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ko Gidan Ɗan Hausa. Wanda ke rubuta labarin da ya faru a 1985 kuma, ya san cewa amaryarsa ba za ta yi rawa da fiyano ba. Allah ya ba mu ikon yi tun masu ba da labarin suna nan.