Salansa da tarihin ƙarar babur a Maiduguri

Yaron da aka haifa a Maiduguri bayan shekarar 2011 ya tashi ne bai san garin nan da ƙarar babura ba. Mu da muka girme shi mun san lokacin da ba ka iya jin maganar abokinka a bakin Kasuwar Monday saboda kukan injin 'yan acaba. Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne, ƙannenmu da 'ya'yanmu mazauna Kano da Bauchi da Abuja sun fara sayen manyan babura na doguwar tafiya, kuma tambayarsu ta farko ita ce wace salansa za su ɗaura a madadin ta kamfani.

A shekarun 1970 babur abin mutunci ne. Malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati ne zai sayi Vespa ko Honda, ya wanke shi da safe, ya tafi aiki a natse. Ba mai taɓa salansa sai in ta huje, a kai wa mai walda. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida a 1986, mota ta fi ƙarfin talaka, aikin yi ya yi wuya, sai acaba ta zama sana'a. Suzuki da Yamaha masu haɗa fetur da baƙin mai suka cika tituna da hayaƙi. Irin waɗannan injuna suna tara baƙin dauɗa a cikin salansa har ta toshe, sai bakanike ya cire ta ya ƙona. Da Jincheng na ƙasar Sin suka shigo da araha, babur ya kai hannun samari, su kuma suka gano cewa in an zare bututun da ke cikin salansa, ƙaramin mashin zai yi ruri kamar babba. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya, a Gwange ko Hausari ko Bulabulin, da ƙara ake gane ango yana da jama'a.

Daga nan al'amari ya juya. A ranar 1 ga Janairun 2009 dokar sanya hular kwano ta fara aiki a faɗin Najeriya. A watan Yunin wannan shekara, jami'an Operation Flush suka yi arangama da mabiya Muhammad Yusuf da ke kan babura za su jana'iza, a kan batun wannan hula, aka harbi wasu daga cikinsu. Ƙarshen watan Yuli rikici ya ɓarke, kowa ya san abin da ya biyo baya. Daga 2010 aka shiga kashe-kashen ɗauki ɗai-ɗai: mutum biyu a kan babur, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da bindiga. Ƙarar da a da take nufin biki ta koma abin da ke sa uwa ta janye ɗanta cikin gida. A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawa babur, na haya da na gida, a Maiduguri da Jere. Dubban 'yan acaba suka rasa abin yi, wasu suka koma Keke Napep, wasu suka bar garin. Kano ma ta hana acaba a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Dangantakar salansa da bindiga ta girmi rikicinmu. Ba'amurke Hiram Percy Maxim, wanda ya yi rajistar na'urar rage ƙarar bindiga a 1909, kamfaninsa ya yi suna kuma wajen ƙera salansar injuna. Mahaifinsa ne ya ƙirƙiro bindigar Maxim, irin wadda Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Dabarar ɗaya ce: iska mai zafi da ta fito da ƙarfi, a bi da ita ta ɗakuna da huje-huje har ta huce kafin ta fita. In aka cire waɗannan ɗakuna, kowace fashewar fetur a cikin injin za ta iso kunnen jama'a kai tsaye, wani lokaci har da tartsatsi da ƙara irin ta harbi.

To mai babban babur me zai duba? Salansar kasuwa iri biyu ce: wadda ake sauya tulun baya kaɗai, da wadda ake sauya bututun gaba ɗaya tun daga bakin injin. Ta farko ta ishi matafiyi. Ta biyu tana sauya yadda injin ke numfashi, dole a sake daidaita kafireto ko kwamfutar da ke raba mai. In ba a yi ba, iska ta rinjayi fetur, injin ya riƙa zafi fiye da kima, kuma mun san ranar watan Afrilu a Arewa tana haura digiri 40. A zaɓi ƙarfe marar tsatsa. A duba cewa tulun ba zai ƙona jakar kaya ko ƙafar wanda aka goya ba. Sanannun kamfanoni irin su Yoshimura na Japan da Akrapovič na Sloveniya suna ƙera na titi daban, na filin tsere daban. A tambayi na titi, kuma a kula da jabu masu tambarin aro. Toshiyar rage ƙara da ke bakinta a bar ta a wurinta. A ajiye ta kamfani, ranar sayar da babur za a neme ta.

Akwai kuma kunnen mahayin kansa. Masana lafiya sun nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 85, in aka daɗe a cikinta awa takwas a rana, tana lalata ji sannu a hankali. Tafiya daga Kano zuwa Abuja ta haura kilomita 400. Rurin da ya yi daɗi a minti biyar na farko, kafin Kaduna ya zama ciwon kai. Ga shingayen jami'an tsaro, inda babur mai ƙara shi ne farkon wanda za a tsayar.

Amma babban dalili a wurinmu shi ne tarihinmu. 'Yan gudun hijirar Borno suna warwatse a duk garuruwan da za ku ratsa, kuma akwai tsofaffi da yara da har yau gabansu ke faɗuwa in sun ji fashewa. Wanda ya fito daga garin da aka raba shi da babur saboda tsoro, bai kamata a ji tsoron zuwansa ba. Ku hau, ku yi zumunci, ku ga ƙasa, amma ku shiga gari yadda iyayenmu masu Vespa suke shiga. Allah Ya tsare hanya, Ya dawwamar mana da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya.