Darasin shirya manhaja a firamaren Ingila: abin da ya ƙunsa da inda ya yi tuntuɓe

A watan Satumban 2014 Ingila ta sanya ilimin kwamfuta cikin tsarin karatunta na ƙasa, tun daga kan yara 'yan shekara 5. Ya maye gurbin tsohon darasin da aka soka da cewa ya fi karkata ga koyar da amfani da manhajojin ofis.

Tsakanin shekara 5 zuwa 7, yaro na koyon jera umarni daki-daki, da rubuta ƙaramar manhaja, da gano kuskurenta ya gyara. Daga 7 zuwa 11 kuma, yana koyon rarraba babbar matsala gida-gida, da maimaita umarni, da gindaya sharaɗi. Makarantu da dama na amfani da Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda yaro ke harhaɗa tubalan umarni maimakon rubuta su.

Sai dai tsarin ya riga malamai isa aji. A 2017, rahoton ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ya nuna koyarwar ba ta kankama bai ɗaya ba, musamman saboda ƙarancin ƙwararrun malamai. Gwamnati ta ware fam miliyan 84, aka kafa cibiyar horar da malaman kwamfuta ta ƙasa a 2018.

Saboda haka, duk gwamnatin da ta yi alkawarin irin wannan darasi, tambayar farko ita ce: wa zai koyar, kuma nawa aka ware don horar da shi?