Wasiƙun da Fasto Ya Riƙa Ɓoyewa

'Yan'uwa, mun saba jin labarin Dietrich Bonhoeffer, amma a kurkukun nan na Tegel da ke Berlin akwai wani fursuna da ya kamata mu sani. Sunansa Helmuth James von Moltke, lauya ne, matarsa kuwa Freya. Sun yi aure a 1931, Allah ya ba su 'ya'ya maza biyu.

A gidan gonarsu na Kreisau ne waɗansu abokai, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, suka riƙa haɗuwa a asirce suna shawarar yadda za a gyara Jamus bayan faɗuwar Hitila. An kama Helmuth a Janairun 1944, aka kai shi Tegel a ƙarshen Satumba.

Daga nan sai wasiƙu, kusan kullum, har wata huɗu. Faston kurkukun, Harald Poelchau, shi ne ke shiga da su yana fita da su a ɓoye, ga shi ya san in an kama shi kansa ne zai tafi. Helmuth yakan yi rubutu da ankwa a hannu. Freya kuwa tana kai da kawowa tsakanin gona da Berlin, tana kawo masa abinci, tana bin ofisoshin 'yan Nazi tana roƙo.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, ba su ruɗi juna ba. Suna shirya yadda zai kāre kansa a kotu, suna kuma maganar mutuwarsa ƙiri-ƙiri: yadda za ta reni yaran, yadda za ta rayu ba shi. Sukan aika wa juna ayoyin Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin sujada, kowa ya karanta a inda yake. Mu da saƙonmu ke isa cikin daƙiƙa guda, sau nawa muke faɗa wa juna gaskiya irin wannan?

A Janairun 1945 alƙali Roland Freisler ya yanke masa hukuncin kisa. Helmuth ya rubuta mata cewa a ƙarshe, a matsayin Kirista kawai ya tsaya gaban alƙalin, ya kuma kwatanta ta da sura ta 13 ta Korantiyawa ta Fari. An rataye shi ranar 23 ga Janairu, yana da shekara 37.

Freya ta riƙe wasiƙun Tegel shekara 65. Ta rasu a farkon 2010 tana da shekara 98, aka buga su a 2011.