Mathare: ƙwallo da kwashe shara

1/ In ana maganar yaran da ke gararamba bayan an tashi daga makaranta, Mathare nake tunawa, wata unguwar talakawa a Nairobi.

2/ A 1987 wani ɗan Kanada, Bob Munro, ya kafa wa yaran unguwar ƙungiyar ƙwallo, MYSA. Da sharaɗi fa: kulob ɗin da ya fito ya kwashe shara, ya yashe kwata, ana ƙara masa maki a teburin gasa.

3/ Abin da ya fi burge ni, matasan ne alƙalan wasa, su ne masu horarwa. Yaron da ake wa kallon ɗan zaman banza, ga shi an damƙa masa usur.

4/ Mathare United, wadda ta tsiro daga cikinsu, ita ta lashe gasar lig ta Kenya a 2008.