Rigar Kakanni da Awon Jikoki a Gindin Dala

Duk wanda ya tashi a unguwannin gindin Dala, irin su Madabo da Bakin Ruwa da Yalwa, da wuya a ce bai taɓa ganin an buɗe tsohuwar adaka an fito da rigar kaka ba. Sau da yawa akan tarar asu ya ci gefenta, shafin ya ƙoƙe, amma aikin wuyan yana nan daram. Daga nan sai wani jika ya ɗauke ta ya nufi wurin maɗinki, ya ce a yi masa irinta daidai jikinsa. To, a nan fa ake yin ta, domin kuwa rigar nan ba da tef aka auna ta ba, ba kuma daga bandir aka yanko ta ba.

Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka yi wa laƙabi da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya hau dutsen Dala ya zana hoton birnin. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na kuɗi wuri miliyan 300 a ƙalla. Wannan kaya kuwa saƙar hannu ce, wadda masaƙa ke fitarwa siririya, faɗin yatsa biyu ko uku, wani lokaci ma ƙasa da haka. Kowane tsiri sunansa ƙwarya, kuma da ita ake lissafin riga. In aka ce riga mai ƙwarya ɗari, an faɗi girmanta, an kuma faɗi darajarta. Mai son ƙarin faɗi sai a ƙara masa ƙwarya, mai son buɗewar gindi a sa masa cuna. Tsawo kuwa da kamu da taƙi ake auna shi, wato da hannun mutum.

Shi zanen aikin, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, galibi malamai ne ke yin sa, da alƙalamin kara da tawada, a jikin rigar kai tsaye, sannan almajirai da sauran masu allura su bi sawu. Layukan ɗinkin ƙwarya su ne jagoran mai zane, da su yake gane inda aska za ta tsaya da inda aljihu zai faɗi. A daidai wannan zamani ne, a 1863, wani tela a Amurka mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da samfurin tufafi na takarda, ƙanana da manya, kowa ya sayi daidai shi. Mu namu samfurin a kan malam yake, sai fa 'yan zane-zanen da wasu suka ajiye a takarda, irin waɗanda David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazari a kansu a shekarun 1970.

Saboda haka mai kwaikwayon tsohuwar riga a yau dole ya fara da kwafe zanen. Wasu kan shimfiɗa takarda shara-shara su bi layi, wasu kuma sun fi amincewa da takardar buhun siminti ko kwali, saboda jarida ba ta jure juyi, sau biyu uku ta yage. Matsalar tana wajen ƙara girma ko ragewa. Mun sha ganin an kai zane wurin na'urar kwafi an ce ta ƙara shi, ita kuwa ba ruwanta, komai ɗaya take ƙara shi. Amma ai wuyan mutum ba ya ƙaruwa daidai da tsawonsa. Sai ka ga linzami ya yi zururu, aljihu ya sauka har gwiwa, askar da ya kamata ta miƙe kamar takobi ta koma kamar ludayi. Gwanaye sukan bar wuya da linzami yadda suke, su raba sauran zanen gida-gida, su ja tsawon askakin kawai, su daidaita tambari da ido.

Sai kuma maganar kaya. Tsohuwar riga ta manya ko dai saƙi ce, mai ɗigo-ɗigo kamar zabo, ko tsamiya, wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar wata tsutsa ta daji, ko kuwa barage mai alharini. Shi alharinin nan ja, ragowar siliki ne da ake rinawa a ƙetaro da shi Sahara ta hanyar Tarabulus, kuma Larabawan da ke kawo shi a nan Dandalin Turawa suke zaune. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin raƙuma ya ƙarasa durƙushewa, yadin kamfani ya yi ta kwararowa daga teku, har aka kai ga zamanin shadda da Kantin Kwari.

Shadda tana da kyau, ba mu musa ba, amma ba ta da layin ƙwarya, kuma nauyin aikin da saƙi ke ɗauka yakan sa mara kauri ta tattare. Zaren roba mai ƙyalli shi ma ba ya kwanciya kamar tsamiya ko abawa. Wanda ya nace sai ainihin kaya, to sai ya nemi masaƙi a ƙauye, ya bi ta marinar Ƙofar Mata, ya je wa mabuga, sannan ya yi haƙurin watanni kafin mai allura ya gama. Da yawa sukan ji kuɗin su koma ga aikin keke.

Mu marubuta abin ya shafe mu. Mun karanta labaran da aka kafa a zamanin Sarki Alu, wato tsakanin 1894 da 1903, inda attajiri ke sayen yadi goma na shadda, tela kuma ya ɗauko tef. Da marubucin ya leƙa gidan tarihi na Gidan Makama, ko ya zauna yini guda da wani dattijo a Soron Ɗinki, da ya sa attajirin nasa ya kama gefen riga yana ƙirga ƙwarya kafin ya taya.