BABI NA UKU: ZAUREN GIDAN MADAKI NA KAFIN MADAKI

3.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana tarihin Gidan Madaki da ke garin Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi, tare da nuna cewa zauren gidan shi ne ya tsaya a matsayin ɗakin taron jama'ar garin tun kafin zuwan Turawa.

3.2 Kafuwar Garin da Gina Gidan

Kalmar "kafi" tana nufin wurin da aka kewaye domin tsaro. Garin yana arewa da birnin Bauchi, a kan hanyar Ningi, kuma wannan shi ne mabuɗin tarihinsa. A zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu (1845-1877) Ningawa sun matsa wa ƙasar Bauchi da hare-hare, saboda haka aka buƙaci garuruwan ribaɗi a wannan sashe, inda manyan 'yan majalisa irin su Madaki za su zauna su tare abokan gaba.

An gina gidan ne wajen shekarar 1860. Maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, wato wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). Ɗauko magini mai irin wannan suna tun daga Zazzau ya nuna cewa ba sansanin wucin gadi aka yi niyyar kafawa ba, mazaunin mulki ne mai ɗorewa.

3.3 Tsarin Ginin

An yi ginin da tubali da ƙasa da azara. Ita azara daga giginya ake samun ta, kuma gara ba ta cika cin ta ba, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta yi yawa. Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo: ana jera azara hawa-hawa daga jikin bango, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana yaɓe su, har ƙafafuwan su haɗu a sama. Ta haka ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo wanda zai ɗauki taron mutane. Daga waje kuma akan shafe ginin ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, domin kare shi daga ruwan sama.

3.4 Muhimmancin Zauren

A al'adar Hausa zaure shi ne iyaka tsakanin waje da cikin gida. A gidan mai sarauta kuwa aikinsa ya wuce haka. Nan ake zaman fada, a saurari ƙara, a yi sulhu, a karɓi baƙi da manzanni, a kuma sanar da umarnin sarki. Ko bayan da Turawa suka ci Bauchi a 1902, sun ci gaba da mulki ne ta hannun sarakuna da hakimai, don haka irin waɗannan zaurukan ba su rasa aikinsu ba.

Bugu da ƙari, a shekarar 1956 gwamnati ta sanya gidan cikin kayayyakin tarihi na ƙasa, bisa dokar kayan tarihi ta 1953. Yana cikin rukunin farko da suka sami wannan matsayi a Nijeriya.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tsaro ne ya kafa garin, mulki kuma ya buƙaci zauren. Sai dai doka kaɗai ba ta riƙe ginin ƙasa. Abin da ke riƙe shi shi ne yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, da kuma samun magina masu sanin ɗaurin bakan gizo. Idan aka rasa waɗannan magina, ginin ba zai daɗe a bayansu ba.